Sauraron Littafin Almarar Tsoro a Waya: Tambayoyi da Amsoshi ga Mutanen Kano

Tun da aka shiga yayin sauraron littattafai a waya, wasu tambayoyi suke ta dawowa, musamman daga waɗanda suka ɗanɗana labaran da aka cakuɗa sihiri da yaƙi da tsoro a cikinsu. Wasu a majalisa ake yi mini su, wasu ta WhatsApp. Ga waɗanda aka fi maimaitawa, da amsoshinsu gwargwadon abin da kunnena ya jiye mini.

Wai wane irin littafi ne almarar tsoro? Ba littafin yaƙi ba ne da muka sani?

'Yan'uwan juna ne, amma ba ɗaya ba. Littafin yaƙi irin wanda muka taso muna karɓowa haya a shagunan unguwa, tun daga shafin farko ka san waye sadaukin, ka kuma san ba zai mutu ba. Zai gwabza da bokaye, ya ratsa dajin aljanu, ya ci birni, a ƙarshe ya auri gimbiya. Daɗinsa shi ne ganin yadda zai yi nasara.

Almarar tsoro ita ma a ƙagaggiyar duniya take faruwa, da sarakunanta da matsafanta da halittun da ba a taɓa gani ba. Sai dai marubucin ya janye maka wancan tabbacin. Wanda ka ɗauka gwarzo yana iya sayar da ƙaninsa a babi na goma. Wanda ka fi ƙauna yana iya mutuwa a tsakiyar littafi, mutuwar wulaƙanci ma, kuma labarin ya ci gaba kamar ba a yi komai ba. Sihiri a cikinta ba kyauta ba ne: duk wanda ya nemi ƙarfi a hannun boka sai ya biya da ɗansa, ko hankalinsa, ko fuskarsa. Ta kuma bambanta da labarin fatalwa zalla, inda abin tsoro yake kutsowa cikin rayuwar yau da kullum. A nan duniyar ce gaba ɗaya a gurɓace, mutanen cikinta kuma sun saba da hakan.

Kayan haɗin ba baƙi ba ne a wurinmu. Dodo yana cikin tatsuniya tun kaka da kakanni, kuma Gandoki na Bello Kagara, wanda ya fito a 1934 bayan gasar rubutun da Rupert East ya shirya a Zariya a 1933, ya kai jaruminsa har duniyar aljanu. Abin da ya ƙaru shi ne rashin tausayin marubuci ga mutanen da ya ƙirƙira.

Shi kansa littafin sauti yaushe aka fara shi?

Don makafi aka fara. A farkon shekarun 1930 aka soma naɗar littattafai a faifan garmaho a Amurka, Ingila ta bi sahu a 1935, musamman saboda sojojin da suka rasa idanunsu a Yaƙin Duniya na Ɗaya. Daga nan aka koma kaset, sannan faifan CD. Kamfanin Audible, wanda ya fi kowa suna a harkar yanzu, an kafa shi a 1995, Amazon ta saye shi a 2008.

Mu a Kano ba mu jira kowa ba. Gidajen rediyo sun daɗe suna ware lokaci ana karanta littattafan Hausa, mata na aiki a tsakar gida suna bi, teloli na ɗinki suna bi. Wanda ya girma da kaset ɗin tafsiri da na waƙoƙin fada ya riga ya iya zama ya saurari murya ɗaya na tsawon awa guda. Wayar ce kawai sabuwa.

Na karanta wani littafi a takarda ban ji komai ba, da na saurare shi sai da na kasa fita tsakar gida da daddare. Me ya kawo haka?

Wannan ita ce tambayar da ta fi kowace nauyi, kuma sauran amsoshin duk daga gare ta suke fitowa.

Ido yana da hanyar gudu, kunne ba shi da ita. Mai karatu a takarda, idan ya zo wurin da gabansa ya fara faɗuwa, yakan tsallake layi biyu ko uku, ko ya saci kallon ƙasan shafi ya ga ko yarinyar ta tsira, sannan ya dawo da kwanciyar hankali. Yawancinmu muna yin haka ba mu ma san muna yi ba. A sauraro kuwa linzamin yana hannun mai karantawa. Idan ya ga dama ya ja jimla, ya yi shiru na daƙiƙa uku kafin ya faɗi abin da ke bayan ƙofar, dole ka zauna cikin shirun nan tare da shi.

Sai kuma batun wanda yake ƙera abin tsoron. Fim yana nuna maka dodonsa, kuma da zarar ka gan shi ya ragu, domin ka san iyakar girmansa, wani lokaci ma ka hango inda kwalliyar ta gaza ka yi dariya. Murya ba ta nuna maka komai. Kai ne za ka haɗa shi da kayan da ke cikin kanka: zauren gidan kakanninka da ba fitila, tsohuwar kukar bayan gari, lungun da kake zagayewa bayan isha'i kana yaro. Marubucin yana can wata ƙasa, bai taɓa ganin kududdufin unguwarku ba, amma a nan labarinsa zai faru a zuciyarka. A 2018 masu bincike a jami'ar UCL da ke Landan sun gwada mutane da sassan labarai iri ɗaya, wani a bidiyo wani a murya. Mutanen sun ce bidiyon ya fi jan hankalinsu, amma na'urar da ke auna bugun zuciya ta nuna jikinsu ya fi motsuwa lokacin sauraro. A sani dai Audible ne ya ɗauki nauyin binciken, kuma mai kaya ba ya kushe kayansa. Duk da haka sakamakon ya yi daidai da abin da masu sauraro suke faɗa.

Na uku, wanda ni na fi ba muhimmanci, kaɗaici ne. Sau da yawa ana cewa littafin sauti tatsuniya ce ta dawo, kuma akwai gaskiya a ciki. Amma tatsuniya a cikin taro ake jin ta. Kaka ta ce ga ta nan ga ta nanku, ku amsa ta zo mu ji ta, kuna jingine da juna a tabarma ɗaya. Idan Dodo ya fito, ka ji ƙanwarka ta ƙanƙame ka, wani ya kwashe da dariya, tsoron ya rabu gida biyar. Kaka kuma tana kallon fuskokinku, in ta ga ƙaramin cikinku ya fara kwaɓe baki sai ta sassauta. A ƙarshe ta ce ƙurunƙus, ta rufe ƙofar labarin a gabanku kowa ya je ya kwanta. Mai karatun da ke cikin iyafis ɗinka ba ya ganin fuskarka, ba wanda zai raba tsoron da kai, babin kuma da gangan ake yanke shi a wurin da ba za ka iya tsayawa ba.

To sauraro karatu ne, ko yaudarar kai ce irin ta malalata?

Wajen fahimtar labari, bambancin ƙalilan ne. A 2019 masu bincike a jami'ar Berkeley ta Amurka sun ɗauki hoton ƙwaƙwalwar mutane suna karanta labarai, sannan suna sauraron labaran, suka ga sassan da ke sarrafa ma'ana kusan iri ɗaya suke aiki. Abin da sauraro ba zai ba ka ba shi ne ƙa'idar rubutu. Ɗalibin da yake son ya iya raba kalmomi da haɗa su, ko ya san inda ake sa ƙugiya, sai ya koma ga takarda. Wanda kuwa labari yake nema, bai cuci kowa ba.

Yaya zan gane mai karatu nagari kafin in ɓata datata?

Ka saurari minti biyar na farko, sannan ka tsallaka tsakiya ka nemi inda mutum biyu ko uku suke magana. A nan ake gane gwani. Idan ka rufe ido kana iya sanin wa ke magana ba sai an ce "in ji wane" ba, ka samu. Gwani ba sai ya maƙale murya ya koma kamar mace ba, ko ya yi gurnani duk lokacin da boka zai yi magana. Sauyi kaɗan ya isa: wannan yana magana a hankali, wancan yana cin ƙarshen kalma, tsohuwa tana numfashi a tsakiyar jimla. Littattafan irin wannan suna da mutane da yawa, shi ya sa aikin yake da wuya. Wani ɗan wasan Ingila, Roy Dotrice, ya shiga kundin Guinness saboda ya yi muryoyin mutum 224 a littafi guda na wannan fanni.

Abin da yake kashe labarin tsoro a bakin masu karatunmu shi ne zumuɗi. Tun kafin a zo wurin firgici sun ɗaga murya, suna ta sanar da kai cewa ga abu nan tafe. Mai karatun da ya fi tayar mini da tsigar jiki shi ne wanda yake faɗin mummunan abu da muryar da zai faɗi farashin gero. Haka ma kiɗan da ake shimfiɗawa a ƙarƙashin murya daga farko har ƙarshe, da kukan mujiya da ake sakawa kowane minti biyu: bayan rabin awa kunne ya daina jin su, sai gajiya.

Akwai kuma muryar na'ura, wadda ta yawaita yanzu a YouTube. Rubutun Hausa ba ya nuna karin sauti ko tsawon wasali, mai karatu ne yake sanin su daga ma'anar jimla. Na'ura takan karkata kalma ta koma wata, ta bi ta kan ƙugiya kamar babu ita, kuma ba ta san inda ake shiru ba. Don jin labarai na minti biyu ana iya haƙuri da ita. Littafin awa goma sha biyar da ya dogara kacokan kan numfashin mai karatu, ni dai ban ga amfaninta ba.

Yaya, sunayen mutane da garuruwa sun yi mini yawa, kullum sai in ɓata. Me zan yi?

Ƙanwata, wannan ita ce babbar kasawar sauraro, kowa yana fama da ita. Littafin takarda yakan zo da taswira a farko da jerin zuriyar sarauta a ƙarshe, ki juya ki duba ki dawo. A sauti babu wannan. Dabarar da ta fi aiki ita ce ki ba awa biyu na farko haƙƙinsu: ki zauna, ba ki girki, ba ki duba saƙonni, ki riƙe biro ki rubuta sunaye goma na farko da alaƙar da ke tsakaninsu, yadda kunnenki ya ji su. Bayan nan labarin zai ɗauke ki da kansa. Idan aka sauya babi aka koma bakin wani mutum daban, ki dakata ki tuna inda aka bar shi. Kuma kada ki ji kunyar maɓallin komawa baya na daƙiƙa talatin, don haka aka yi shi.

Gargaɗi ɗaya: kada ki je intanet neman bayanin wani da kika manta. Layin farko da za ki gani shi ne yadda ya mutu.

Awa nawa littafi yake ɗauka, kuma data nawa zai ci?

Mai karatu a natse yana yin kalma 150 zuwa 160 a minti, wato wajen kalma 9,000 a awa. Littafi mai kalma 100,000 zai kai awa 11. Manyan littattafan Turanci na wannan fanni sukan haura awa 30, kuma da wuya ka samu guda ɗaya tilo, yawanci jeri ne. Namu na Hausa da ake karantawa kashi-kashi, ka ninka tsawon kashi ɗaya da yawansu kafin ka fara, don ka san abin da ka ɗauko.

Lissafin data mai sauƙi ne. Murya da aka naɗa a matsakaicin inganci, wanda ake rubuta wa 64 kbps, tana cin kusan MB 29 a awa. Littafin awa 20 ke nan bai kai MB 600 ba. Idan 32 kbps ne, rabin haka, kuma ga muryar mutum ɗaya ba laifi. Inda data take zurarewa shi ne YouTube, domin bidiyo kake saukewa ko da hoto ɗaya ne a tsaye. Ka shiga saiti ka mayar da ingancin hoton 144p, muryar za ta ishe ka. Sannan manhajar YouTube ta kyauta tana tsayawa idan ka kashe fuskar waya, ga cin caji, ga shi kuma wuta ba ta da tabbas. Abin da ya fi shi ne ka sauke fayil ɗin da datar dare mai rahusa, ka ajiye a memori, ka saurara da manhajar da take tuna inda ka tsaya, irin su Smart AudioBook Player.

A ina ake samu?

Na Hausa: tashoshin YouTube masu karanta littattafai, zaurukan Telegram da WhatsApp na marubuta inda ake biya a shiga, da shirye-shiryen gidajen rediyon gari. Gaskiya soyayya da rikicin gidan aure sun fi yawa nesa ba kusa ba, sai ka tona kafin ka samu almarar tsoro mai kyau, kuma da yawa daga abin da ake kira haka labarin aljani ne ya auri budurwa. Na Turanci suna Audible da makamantansa, da kuɗin waje, kuma ba kowane katin banki yake wucewa ba. Shafin intanet na LibriVox, wanda aka kafa a 2005, kyauta ne baki ɗaya. 'Yan sa-kai ne suke karanta tsofaffin littattafan da haƙƙin mallakarsu ya ƙare, a ciki har da labaran tsoro na ƙarni na 19 waɗanda wannan fanni ya tsiro daga gare su. Ingancin karatun ya danganta da wanda ka faɗa hannunsa.

Idan na je kasuwar waya ta Farm Centre ko wurin masu turi aka cika mini memori da littattafai, na yi laifi?

Ba kowane abin da ke kwamfutar mai turi ne na sata ba, akwai marubutan da suka saki aikinsu da kansu don ya yaɗu. Amma littafin da marubuciya take sayarwa, wani ya karanta shi ya naɗa ba da izininta ba, ya ɗora a tasharsa yana karɓar kuɗin talla, wannan cin haƙƙi ne, ko an ambaci sunanta a farko ko ba a ambata ba. Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a watan Maris na 2023, ta bar wa marubuci ikon aikinsa tsawon rayuwarsa da shekara 70 bayan rasuwarsa, kuma mayar da littafi sauti yana cikin abin da sai da yardarsa. Dokar ta yi sassauci domin a samar wa makafi da masu raunin gani littattafai ta sigar da za su iya amfana, amma wannan ba ƙofa ba ce ga mai neman kuɗi.

A bar ma batun doka. Yawancin masu rubuta mana littattafan nan a waya suke bugawa da babban yatsa, cikin dare, bayan yara sun yi barci. Abin da suke nema a shiga zaurensu sau da yawa bai kai kuɗin datar da za ka ƙona wajen sauraro ba.

Wane lokaci ya fi dacewa da sauraro a garin nan?

Lokacin da hannu yake aiki kai yana hutawa: wanki, guga, tsintar shinkafa, jiran layi a banki ko asibiti, zaman shago tsakanin azahar da la'asar idan kasuwa ta yi sanyi. Doguwar tafiya a mota, Kano zuwa Kaduna ko Abuja, ita ce ta fi kowanne, in dai ba kai ne direba ba.

A Daidaita Sahu kuwa sai da lura. Ƙarar injin da hon na cunkoson Kurna ko Kabuga za su sa ka ƙure sauti ba ka sani ba. Sannan kowa ya san matsalar ƙwacen waya a garin nan. Wayar iyafis da ta sauko daga kunne zuwa aljihu tana nuna wa ɓarawo inda kaya suke, mutumin da hankalinsa yake wata duniya kuma ba ya jin takun wanda ke bayansa. In dole ne, kunne ɗaya, waya a aljihun ciki, kuma bayan magariba a haƙura har a isa gida. Mai tuƙi da mai tsallaka titi, babu ma maganar.

Ina saurara har barci ya ɗauke ni, sai in yi ta munanan mafarkai, wani lokaci har dannau. Littafin ne?

Yana da hannu, amma ta hanyar da ba ka zata ba. Abin da likitoci suka sani game da dannau shi ne mutum ya farka alhali jikinsa bai gama fita daga matakin barcin da ake mafarki ba, lokacin da gaɓoɓi suke a sake ba sa motsi. Ƙarancin barci, sauya lokacin kwanciya, damuwa, da kwanciya rigingine suna ƙara yawansa. Wanda yake cewa "bari in ƙara babi ɗaya" har ƙarfe uku, ga asuba na jiransa, ya haɗa biyu daga ciki. Abin da ka cika kanka da shi kafin barci kuma shi zai ba wa abin fuska.

Ka yi amfani da agogon da ke kashe karatun da kansa, kusan kowace manhaja tana da shi. Ka sa minti 30, in ya tsaya ya tsaya. Kada ka bar murya tana zuba a kunnenka kana barci: ka rasa inda ka tsaya, kunnen kuma bai huta ba. Ka bar tazara tsakanin labarin da kwanciya, ka yi alwala, ka karanta Ayatul Kursiyyu da Ƙulhuwallahu da Falaƙi da Nasi yadda aka koya mana. Idan abin ya zama na kowane dare, ko tsoron ya fara bin ka da rana, ajiye littafin, ka ga likita. Mai jego da ke kwana ita kaɗai, da wanda bai daɗe da yin rashi ba, shawarata su ɗaga wa irin wannan littafi ƙafa zuwa wani lokaci.

Malam, ya halatta Musulmi ya saurari labarin da ke cike da bokaye da tsafi?

Ni ba malami ba ne, fatawa kuma tana wurin masu ita, a kai musu tambayar tare da bayanin ainihin littafin. Abin da kowa ya sani shi ne sihiri haramun ne, zuwa wurin boka haramun ne, aljanu kuma gaskiya ne, sura guda aka saukar da sunansu. Game da ƙagaggen labari da kowa ya san ƙage ne, malamai sun yi maganganu mabambanta.

Ma'aunin da nake amfani da shi a karan kaina shi ne in duba inda littafin ya karkata. Akwai wanda yake nuna tsafi a matsayin rami, duk wanda ya leƙa sai ya faɗa, kuma mafi yawan almarar tsoro mai kyau haka take, don a kan farashin take ginuwa. Akwai kuma wanda yake ƙawata boka, yana jero surkulle dalla-dalla kamar darasi. Wannan na biyun ina kashewa. Na ƙasashen waje sukan ƙirƙiro gumaka da addinai na duniyarsu, wasu kuma suna da batsa tsirara, wadda a takarda za ka tsallake, a kunne kuwa sai ta same ka ba shiri. Ka nemi bayani a kan littafi kafin ka fara. Idan kuma aka kira sallah ka ji kana cewa bari babin ya ƙare, wannan ba sai ka tambayi kowa ba.

Zan iya kunnawa a sipika mu saurara da iyali?

Da manya, ƙwarai, har na fi son haka. A lokacin zafi, an ɗauke wuta, an fito da tabarmi tsakar gida, ku uku ko huɗu kuna bin labari ɗaya kuna tsayarwa kuna gardama kan wa zai ci amanar wa: a nan ne tsoron yake komawa nishaɗi. Amma Hajiya, a tabbata yara sun yi barci na gaske. Yaron da ya rufe ido yana jin komai, kuma ba zai gaya miki abin da ya ji ba, sai dai ki ga ya daina yarda ya je banɗaki shi kaɗai. Waɗannan littattafai don manya aka rubuta su, akwai yanka da azabtarwa da fyaɗe a cikin da yawansu. Ki fara sauraron babin ke kaɗai kafin ki saka a gaban surukarki.

Iyafis na awanni ba zai lalata kunne ba?

Ƙarfin sauti da tsawon lokaci ne suke lalatawa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babba zai iya jure sauti mai ƙarfin desibel 80 na awa 40 a mako, yaro kuma desibel 75, kuma ta ba da shawarar kada a wuce kashi 60 cikin 100 na ƙarfin waya. Idan na kusa da kai yana jin abin da kake ji, ya yi yawa. Idan ka cire ka ji kunne yana ƙara, ya yi yawa tun ɗazu. Littafin da aka cika da tasirin sauti ya fi haɗari, domin za ka ƙara don ka ji raɗa, sai ihu ya biyo baya.

Abokina yana saurara da gudu ninki biyu. Ba ya rage komai?

Ga lacca ko labaran duniya, ba laifi. Ga wannan fanni, ya zubar da abin da ya saya, tunda shirun da jan numfashin su ne kayan. Idan mai karatun yana da nawa sosai, 1.2 ya isa.

Ina da murya, ina son in fara karanta irin waɗannan littattafai. Ta ina zan fara?

Ta wurin marubucin. Ka nemi izini a rubuce, ko da saƙon WhatsApp ne da ka adana, ku yi magana a fili kan inda za a saka da yadda za a raba abin da ya shigo. Sannan ka karanta littafin gaba ɗaya kafin ka naɗi kalma ɗaya, domin bawan da ka ba muryar wasa a babi na biyu yana iya zama shi ne mugun a babi na talatin. Ka rubuta sunayen mutanen da irin muryar kowa, ka naɗi samfurin kowacce ka ajiye, saboda bayan sati uku za ka manta yadda ka yi muryar waziri.

Kayan aiki ba su ne matsala ba, waya mai kyau da ƙaramin makirufo sun isa farawa, manhajar Audacity kuma kyauta ce a kwamfuta don gyaran sauti. Matsalar Kano hayaniya ce: janareton maƙwabci, injin markaɗe, masu talla, awaki, lasifikar biki. Ɗakin da ke da katifa da labule da kaya a rataye ya fi falo mai tayil, wanda yake mayar da murya. A kashe fanka, ko da za a yi gumi. Mafi yawan masu yi sun fi samun shiru daga sha ɗayan dare zuwa kafin kiran assalatu. A hunturu ka ajiye ruwan ɗumi kusa, maƙogwaro yana bushewa da wuri kuma ana ji a naɗin. Ka bar tazarar taƙi guda tsakanin bakinka da makirufo, ka ɗan kauce masa gefe don kada iskar "f" da "b" ta riƙa bugunsa. Ka sa a ranka cewa kowace awa ɗaya da mai sauraro zai ji, za ta ci maka awanni da dama tsakanin naɗi da maimaici da yanke tari, don haka kada ka yi wa mutane alƙawarin kashi ɗaya kullum. Ka tara kashi goma a hannu kafin ka saki na farko.